Mu tada gasar dabbobin aiki a garuruwanmu, mu kuma riƙe kuɗinta da gaskiya



Maganar da kuka ji a rediyo bisa dabbobin aiki, ga ta a rubuce. Kai da ka gama karatun yaƙi da jahilci, ka karanta ta a tsanake. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba tukuna. Magana ce ta doki da sa da raƙumi da jaki, kuma magana ce ta kuɗi.

Mi ya kawo wannan magana?

Ka duba garkarka. Kakanka da sa ko raƙumi ya riƙa jan ruwa daga rijiya. Kai kuwa da injin ban ruwa kake yi. Inji ya taimake mu ƙwarai, ba mai musun haka. Da shi aka faɗaɗa garake a Tabelot da Timia da Dabaga da Iferwan. Da shi albasar Abzin ta yi yawa har manyan motoci ke kai ta Gana da Kodibuwa. Amma inji ba ya cin ciyawa, sai isansi ko gaz, su kuwa ba a garinmu ake yin su ba.

Tun shekarar 2011 muna da matatar mai a Damagaram. Duk da haka, a watan Maris na 2025 an yi ƙarancin isansi a ƙasar nan. Mutane sun wuni cikin layi a gidajen mai. A cikin waɗannan kwanaki na je wata garka. Tumatir ya yi laushi, ganyen lemu ya fara naɗewa. A bakin rijiya ga itacen jan ruwa na da, yana tsaye. Mai garkar ya aro sa ga wani ɗan uwansa. To, san bai taɓa jan guga ba. Samarin gidan kuma ba wanda ya san yadda ake ɗaura igiyoyin nan biyu. Sai da aka je aka ɗauko wani tsoho ya nuna musu. Ran nan na gane inda matsalar take. Dabbobi muna da su. Abin da ke ɓacewa shi ne dabba mai horo da mutum mai sanin horon.

Ba cewa nake ka yar da inji ba. Cewa nake kowane gari ya kamata ya ajiye dabbobi masu horo, da mutanen da suka san aiki da su. Hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce a sa rana ɗaya cikin shekara, a fito da dabbobin aiki, a gwada su gaban jama'a, a ba da kyauta. In garinku ya taɓa yin irin wannan taro ya daina, ku tada shi. In bai taɓa yi ba, ku fara.

Doki a ƙasar Abzin

Ƙasarmu ta yi suna da doki. Dokin Bagazam, wanda ya samo sunansa daga dutsen Bagazam, har ƙasar Hausa sarakuna ke neman sa saboda sauri da jimiri. Dutsen nan shi ke da ƙololuwa mafi tsawo a Nijar, mita 2.022. Yau irin wannan doki ya yi wuyar gani. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ci dabbobi masu yawa, doki kuwa ba ya jure yunwa kamar raƙumi. Daga baya babur da mota suka karɓe aikin tafiya. Yanzu wurin da ka fi ganin dawaki shi ne hawan salla a Agadas, in an taru a fadar Mai Martaba Sarkin Abzin.

Mu faɗi gaskiya, a wurinmu doki na hawa ne. Aikin ƙarfi sa da raƙumi da jaki ke yin sa. Amma doki yana iya aiki. A ƙasar Sanagal, cikin yankin noman gyaɗa, doki ne ke jan abin shuka da ƙaramar garma da amalanke. Ƙasarsu jigawa ce mai taushi, kamar wasu gonakinmu. Doki ya fi sa sauri, shi ya sa ya dace da amalanke da aiki marar nauyi. Sa ya fi shi haƙuri da aiki mai nauyi, abincinsa ya fi araha, in ya tsufa kuma a sayar da shi da riba. Dokin da ke kai taki garka, yana kai buhunan albasa bakin hanya, ya ci guminsa. Wanda ke tsaye a turke shekara duka don hawan kwana biyu, mai hali kaɗai ke iya riƙe shi. In muna so doki ya zauna a garuruwanmu, sai mun sama masa aiki.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A Faransa akwai manyan dawakin noma iri 9. Ɗaya daga ciki ana ce da shi Persheron, nauyinsa kan kai kilo 900 ko fiye. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta ta shigo, dawakin nan suka ragu ƙwarai. Cikin abin da ya hana irinsu ƙarewa akwai ƙungiyoyin masu kiwo da gasar da suke yi kowace shekara a ƙananan garuruwa. Yau ana aiki da su a wasu gonakin inabi da cikin daji wajen jan itace.

A Kuba kuwa, da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, man da take ba su ya ragu sosai. Taraktoci suka tsaya. Dole suka koma ga shanun noma, suka nemo tsofaffi su koya wa samari horo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mi gasa ke amfana wa gari?

Na ɗaya, a wurin gasa ake sanin iri mai kyau. Mai goɗiya zai ga ingarman da ya kamata ya kai ta wurinsa. Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki, jaka wata 12, taguwa kamar wata 13, saniya wata 9. Wanda ya yi kuskuren zaɓen namiji ya yi hasarar shekara guda.

Na biyu, a nan yara ke koyo. Yaron da ya ga ana yi wa abokinsa tafi don ya iya bi da sa, gobe shi ma zai nema.

Na uku, maƙera da masu aikin fata da masassaƙa suna samun ciniki. In ba mai sayen guga da igiya da karkiya, sana'ar za ta mutu tare da masu ita.

Na huɗu, ran nan likitan dabbobi ke samun dabbobin gari wuri ɗaya, ya duba su, ya yi musu allura.

Na biyar, dabbar da ta ci kyauta kuɗinta na ƙaruwa a kasuwa, kuma kowa ya san abin da yake saye.

Muna da abin koyi kusa da mu. A Ingal, kamar kilomita 160 yamma da Agadas, kowace shekara wajen watan Satumba makiyaya ke taruwa bikin lasar gishiri. Ana tseren raƙuma, ana gasar dabbobi, ana allurar rigakafi. A Iferwan an fara bikin Abzin a 2001. Ya tsaya lokacin tashin hankalin 2007 zuwa 2009, daga baya aka maido shi. Wannan ya nuna mana abin da ya tsaya yana iya tashi. Sai dai waɗannan manyan bukukuwa ne, da hannun gwamnati a ciki. Namu ƙarami ne, na wuni ɗaya, kuma da kuɗinmu.

Yadda za a gwada dabbobi

A zaɓi alƙalai uku: tsohon mai garka wanda ya yi aiki da dabba, makiyayi wanda ya san iri, da ma'aikacin kiwo. Wanda dabbarsa ko ta ɗansa ke cikin gasa ba ya alƙalanci.

1. Duban jiki. A duba baya da ƙirji da wuya. Dabba mai miki ba ta shiga. A ɗaga ƙafa a duba kofato. A buɗe baki a duba haƙora. Doki kan gama sake haƙoran gaba yana da shekara 5. Kada a sa duƙushi aikin ja kafin ya cika shekara 3, don ƙashinsa bai ƙosa ba.

2. Jin magana. Mai dabba ya sa ta tafi, ta tsaya, ta juya dama, ta juya hagu, da murya da igiya kawai. Wanda ya ɗaga bulala an rage masa maki.

3. Jan ruwa. Wannan shi ne babban gwaji a ƙasarmu. Abin jan ruwan nan da Abzinawa ke kira takarkart, kada ka rikita shi da takarkari, wato san ɗaukar kaya. Ga yadda yake, don samarin da ba su gan shi yana aiki ba. Ana kafa itace a bakin rijiya. A sama akwai faifan icce mai juyawa, a ƙasa akwai wani icce zagayayye, shi ma mai juyawa. Gugar babba ce, tana da dogon hanci a ƙasa. Igiya ɗaya mai kauri tana riƙe da bakin guga, tana bi ta sama. Ta biyu siririya tana riƙe da hancin, tana bi ta ƙasa. Lokacin da guga ke hawowa, hancin yana lanƙwashe sama, ruwa ba ya zuba. In ta kai baki, siririyar igiya ta miƙe hancin, ruwa ya zuba da kansa cikin kwami, ya bi lambatu zuwa fangali. Yaro ɗaya ya isa ya bi da dabbar. Duk dubarar tana wurin auna tsawon igiyoyin nan biyu.

A gasa, a sa kowa ya ɗaura igiyoyin da hannunsa. A auna gugar da bido mai lita 20 don a san abin da take ɗauka. Sa'an nan a ƙirga guga nawa dabba ta fitar cikin minti 15, rijiya ɗaya, guga ɗaya ga kowa. Bayan an gama a duba numfashinta. Wadda ta fitar da guga da yawa amma ta fita hayyacinta ba ita ce ta ɗaya ba.

4. Jan amalanke. A nan doki da jaki za su nuna kansu. A ɗora kaya da aka auna, a yi tafiyar da aka auna, da kwana, da tsayawa, da ja da baya. Ka riƙe wannan ƙa'ida: ƙarfin da dabba ke iya ja da shi na tsawon aikin wuni, ba tare da ta cutu ba, kamar kashi ɗaya ne cikin goma na nauyinta. San da ya kai kilo 300, ƙarfin jansa kamar kilo 30 ne. Amalanke mai ƙafar roba a kan hanya mai tauri yana ɗaukar kaya mai yawa da wannan ɗan ƙarfi. In ya shiga yashin ƙorama nauyi ya ninka. Saboda haka kada a yi gasar wa ya fi ɗaukar nauyi. A nan ake karya dabba.

Ka lura kuma, sa da wuya da kafaɗa yake ja, shi ya sa ake sa masa karkiya. Doki da jaki da ƙirji suke ja. Abin da ya dace da su ɗamarar ƙirji ce mai faɗi, ta fata mai laushi, ba igiyar roba ko waya ba. Yawancin mikin da muke gani a jikin jakai daga nan yake.

5. Uwa da ɗa. A ba da kyauta ga goɗiya da duƙushinta, da jaka da ɗanta. Gasar da ba ta kula da uwa ba, nan da shekara 10 ba za ta sami abin nunawa ba.

6. Kayan aiki. A ba da kyauta ga guga mafi kyau, da ɗamarar ƙirji, da karkiya, da igiya.

Kada a manta da mata. A yawancin gidaje jaki a hannunsu yake, su ke ɗebo ruwa da itace da shi. A yi musu rukuninsu. A yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 15 nasu.

Hattara da cuta

Taron dabbobi yana da haɗari guda babba. Tun daga watan Disamba na 2018 wata cuta ta majina da tari ta faɗa wa jakai a yankin Ingal. A farkon 2019 hukuma ta ce sama da jakai 4.000 sun mutu. Cutar tana kama doki ma. Ta hanyar numfashi da majina da wurin shan ruwa take yaɗuwa. In ba a yi hankali ba, gasa ta wuni ɗaya sai ta kai cuta gari goma.

Saboda haka ga dokoki huɗu, kuma ba a yi wa kowa alfarma, ko mai gari ne.

Ma'aikacin kiwo ya tsaya a ƙofar fili, ya duba kowace dabba kafin ta shiga.

Dabba mai majina, ko tari, ko zafin jiki, ko kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta koma gida, a ware ta.

Kowa ya zo da bokitinsa. Kada dawaki da jakai na gidaje dabam su sha a kwami ɗaya.

In ana jin labarin cuta a yankin, a ɗage gasar. Gara a rasa biki da a rasa garke.

A tanadi inuwa da ruwa isasshe. Doki mai aiki cikin zafi kan sha lita 40 ko fiye a wuni. A fara gwaji da sassafe, a gama kafin rana ta take.

Wace rana za a sa?

Ku duba kalandar yankinmu. Satumba na Ingal ne. Cikin Oktoba ayarin gishiri ke tashi zuwa Fashi da Bilma, maza da raƙuma da yawa ba su gida. Biyanu na Agadas cikin watan Muharram yake, yana tafiya da watan Musulunci. Lokacin bazara dabbobi sun rame, ciyawa ta yi tsada. Abin da ya fi shi ne lokacin ɗari, bayan an sayar da albasa, sa'ad da mutane ke da ɗan abin hannu. A haɗa da ranar kasuwa in garinku na da ita. A sanar da mai gari da hukumar gari da ma'aikatar kiwo tun da sauran wata biyu, a nemi izini a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi

Yanzu mun zo wurin da irin wannan taro ke mutuwa. A wani gari da na yi aiki, an taɓa yin taron nuna amfanin gona shekara biyu a jere, da kuɗin wani shiri na waje. Da shirin ya ƙare, mutanen gari suka ce za su ci gaba da kansu. Aka tara kuɗi, aka ba mutum ɗaya ya riƙe a aljihu. Ba a rubuta wanda ya ba da da wanda bai ba da ba. Bayan taro aka tambayi saura, ya ce ba saura. Mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, amma ba shi da takardar da zai nuna. Shekarar da ta biyo ba wanda ya ƙara ba da ko dala. Har yau gidaje biyu a garin ba su gaisawa sosai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga wannan na koyi abu biyu. Taron da ya dogara ga kuɗin baƙo, ran da baƙo ya tafi ya tafi da shi. Kuma kuɗin da ba a rubuta ba, ko waliyyi ya riƙe shi sai an zarge shi.

Dubarar tana wurin matanmu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Daga nan tsarin ya bazu cikin Nijar da ƙasashe da yawa. Suna zuba kuɗi gaban kowa, suna ƙirga shi da ƙarfi kowa na ji. Ƙungiyoyi masu irin wannan tsari da yawa suna ajiye kuɗi cikin akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mutum dabam. Mu yi koyi da su.

A kafa kwamiti na mutum biyar: shugaba, magatakarda, ma'aji, da masu bincike biyu. A sa mace ko ɗaya a ciki. Ma'aji yana riƙe akwati, amma ba ya riƙe mabuɗi. Magatakarda yana riƙe littafi, amma ba ya taɓa kuɗi. Kai mai karatun nan, wannan aikin naka ne. Don irin wannan rana ka koyi rubutu da lissafi.

Ka sami littafi sabo. Shafin hagu na kuɗin shiga, shafin dama na kuɗin fita. Kowane layi ka rubuta rana, da suna, da dalili, da yawan kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Ga misali. Lambobin nan nawa ne don koyarwa, ku sa naku bisa farashin kasuwarku. Ka tuna dala sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1.000, wato dala 200.

Kuɗin shiga:
Masu garka 60, kowa jika 2: jika 120
Kuɗin rubuta dabba 40, kowace dala 100: jika 20
Masu rumfar saye da sayarwa 20, kowa dala 100: jika 10
Gudummawar ƴan gari mazauna Agadas da Arlit da Yamai: jika 50
Jimla: jika 200

Kuɗin fita:
Kyaututtuka: jika 90
Ruwa da ciyawa: jika 30
Man babur na ma'aikacin kiwo da magani: jika 25
Rumfa da abincin baƙi: jika 20
Mai shela da makaɗa: jika 15
Jimla: jika 180

Saura: jika 20.

Wannan saura shi ne irin baɗi. Ba a cin sa, ba a ranta shi. Manomin kirki ba ya cinye irinsa.

Ka lura da abu uku cikin lissafin nan. Fiye da rabin kuɗin daga aljihun masu garka ya fito. Kyaututtuka sun fi abincin baƙi nesa ba kusa ba. Kuma ba a rubuta alkawari a shafin shiga, sai kuɗin da ya zo hannu. In wani babban mutum ko wani shiri ya kawo gudummawa, a karɓa, a gode, a rubuta, a sayi abin da zai daɗe kamar amalanke ko guga ta ƙungiya. Kada a ƙara girman biki da ita, don baɗi ba lalle ta zo ba.

Kyauta kuma ta zama kayan aiki: buhun dusa, kantun gishirin Bilma, kanwa, ɗamarar ƙirji, igiya, maganin tsutsar ciki. Kuɗi a hannu kafin magariba sun watse. Dusa kuwa cikin dabba za ta shiga.

Kafin kwana 7 su cika bayan gasa, a tara jama'a, magatakarda ya karanta littafin layi layi, a buɗe akwati, a ƙirga saura gaban kowa. A rubuta jimlar a babbar takarda a manna a ofishin ƙungiya.

Kai ma ka yi lissafin garkarka

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi zuwa sefa 499. Mu ce 500 don sauƙin lissafi. In injinka na shan lita 3 a wuni, sefa 1.500 ke nan. Cikin kwana 90 ya zama jika 135, ban da baƙin mai da gyara. In da gaz kake aiki, ka sa kuɗin tukunyar gaz da kwanakin da take yi. A ɗaya shafin ka rubuta abin da sa ke ci: harawa, dusa, gishiri, magani, da ɗawainiyar yaron da ke bi da shi. Ka tuna sa yana ci ko ran da ba ya aiki, kuma ba zai shayar da fili mai faɗin na inji ba. Ka tuna kuma yana ba ka taki, yana jan amalanke, kuma in ka sayar da shi bayan ƴan shekaru kuɗinsa ya ƙaru, inji kuwa kullum raguwa yake. Wanda ba zai iya riƙe sa shi kaɗai ba, su haɗu su uku ko huɗu masu garake kusa da juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Labaran da ya kamata mu riƙe

A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta yi ambaliya, ta rushe gidaje masu yawa a Agadas, ta cinye garake. A damanar 2024 ma ruwa ya yi ɓarna babba a faɗin ƙasa. In ƙorama ta yanke hanya, mota tsayawa take, jaki da raƙumi ke wucewa. Mutanen Bagazam sun san haka, don shekara da shekaru jakai ke sauko musu da dankali da tafarnuwa daga saman dutse.

A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakai waje, saboda masu sayen fata sun sa suna ƙarewa, kuɗinsu ya hau. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakai don fatarsu a nahiyar duka. In wani ya zo yana sayen jakai da yawa ba don aiki ba, ka sanar da mai gari.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da masallacinsa mai hasumiya mita 27. Ginin ƙasa ne, yana tsaye don ana yi masa yaɓe, kuma magina suna koya wa ƴaƴansu. Sanin horon dabba ma haka yake, sai ana yi ana maimaitawa.

Abin da za ka yi cikin wannan wata

Ka ɗauki littafi ka zaga gari. Ka rubuta dawaki nawa, shanu masu horo nawa, raƙuman jan ruwa nawa, da amalanke nawa. Ka rubuta sunan tsofaffin da suka iya ɗaura takarkart, da maƙeran da suka iya gyaran ta. Ka kai wa shugaban ƙungiyarku da mai gari, ka roƙa a kira taro. Ko dabba 10 kuka samu, ku fara da su. In kun sa rana, ku aiko wa gidan rediyo da takarda, za a yi muku shela. In kun gama, ku aiko da lissafinku, don wasu garuruwa su ji su koya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a garake da garkunanmu. Amin.

Naku,
Malamin gona, Agadas